Riƙe Mini Nan

Zuwa ga aminina Dogo,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa daga tsohon abokin zamanka na benci ɗaya. Yaya jiki, yaya wannan hannun hagu da ya yi maka yaji? Ina fata likita ya fara ganin motsi a yatsun. Ka gaida 'yarka da maigidanta da yaransu, Allah ya saka mata da ɗawainiyar da take yi da kai. Ni ma ina nan. Gwiwa da tari suna karɓa-karɓa a kaina kamar masu gadi, wannan ya sauka wancan ya hau.

Ka yi ƙorafi a takardarka cewa na daina ba ka labari. To me zan ba ka? Tun da mai ɗakina ta rasu, Allah ya jiƙanta, labarin gidan nan bai wuce agogunan bango suna musu a kan lokaci ba. Amma yau akwai labari, sai dai ka tanadi abin toshe hanci.

Jikana, ɗan babbar 'yata, wanda kake kira Sarkin Gaggawa, ya faɗo mini kwanan baya ko sallamar kirki babu. Ya ce, "Tsoho, tashi, na samo maka aiki kafin ka ƙarasa yin tsatsa." Ashe shi da wasu matasa sun kama ƙarƙashin wani tsohon sito, sun yanyanka shi ɗaki-ɗaki, sun sa masa suna Kurkukun Matsafi. Wai wasa ne. Mutum da hankalinsa zai zo da abokansa a kulle su ciki, a ce musu wani matsafi ne ya kama su. Kowane ɗaki da dabararsa, sai sun warware ta ƙofa take buɗewa su wuce na gaba. In suka yi kuskure, tarko ya faɗa musu. Dogo, mu da muka tashi ana roƙa mana tsari daga ɗauri, ga jikokinmu suna bin layi a ɗaure su.

Matsalarsu ita ce duk ƙofofinsu na lantarki ne, kuma masu zuwa sun fara cewa sun gaji da danne-danne, suna son abin da za su ja da hannu su ji ƙarfe ya amsa. Shi ne jikana ya tuna yana da kaka wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da aikin ƙarfe da gyaran agogo.

Na je na gani. Tun daga matakala wari ya tare ni: gam, da fenti, da zufar da ta kwana a bango, da ragowar abinci a cikin leda. Sun rataye hanji na roba a rufi, sun jera ƙoƙon kawuna na roba a kan kanta, ɗaya ma an cusa masa biro a ido. Akwai wani mai fenti, gashi kamar sheƙar tsuntsu, na same shi yana dama wani koren abu mai yauƙi a bokiti. Na tambaya, ya ce majinar dodo ce, ita ake zubo wa waɗanda suka faɗi wasa. Da idona na ga ya zare cokalin, ya goga a wandonsa, ya juya shayinsa da shi. Shugabarsu kuwa, wadda suke kira Manaja, yarinya ce mai kaifin kai, ba na musu, amma tana yi mini bayani tana tauna cingam, da ta gama ta cire ta manna shi a ƙarƙashin teburin da za a ba ni in yi zane.

Za ka ce me ya hana ni juyowa. Ba zan ɓoye maka ba. Sun ce mota za ta riƙa zuwa ɗaukata. Ka san rabon da a ƙwanƙwasa ƙofar nan don ana bukatata, ba don a duba ko ina numfashi ba? Na karɓa.

Ka riƙa motsa hannun nan ko yana so ko ba ya so.

Naka har kullum,
Malam Agogo

*

Zuwa ga aminina Dogo,

Assalamu alaikum. Takardarka ta iso, na kuma gane rubutun 'yarka, ka gode mata. Na ji daɗi da aka ce ka fara takawa har bakin ƙofa. Dariyar da ka ce ka yi mini kuwa, Allah ya kai mu ranar da zan rama.

An ba ni ɗaki na ƙarshe, wanda daga shi sai fita. Na sa masa suna Ɗakin Ma'auni. Bari in zana maka shi da baki. A tsakiya akwai babban ma'auni mai faranti biyu, sandarsa ta ƙarfe ta kai tsawon mutum. A ƙasa akwai ƙananan tuluna, girmansu ɗaya, kowane da hoton dabba a jikinsa. A bango an zana labarin matsafin yana auna dabbobinsa: nan raƙumi ya yi daidai da jaki da tunkiya, can jaki ya rinjayi kura, da sauransu. Wanda ya natsu ya karanta bangon zai san tulun da zai sa dama da wanda zai sa hagu. In ma'auni ya tsaya daidai, sakatar ƙofa ta janye. In an yi lodin ganganci, sanda ta kife gefe guda, tarko ya tashi. Ba ɗakin gwada sa'a ba ne, ɗakin tunani ne.

Saboda sandar tana da nauyi, na yi mata birki kamar yadda aka koya mana. Akwai mariƙi a bangon da ke nesa da ma'aunin. Sai an danne shi sandar take motsi, ana saki ta daskare, komai ya koma mazauninsa. Ban son a fasa wa ɗan wani kai a ɗakina.

Kafin a taɓa ƙarfe, na gina ƙaraminsa da katako da kwali a kan teburin cin abincinmu, wanda ba a cin komai a kansa yanzu. Yana aiki kamar an yi masa wahayi. Kullum da safe sai na buɗe 'yar ƙofarsa kafin in sha magani.

Inda muka raba gari da yaran nan shi ne tarko. Ni abin da na sani, tarkon wasa yana da ladabi. Ya gargaɗe ka kafin ya kama ka, in ya kama ka ka san laifinka, kuma ko yaya ya bar maka hanyar fita. In za ka gina ramin mugunta ai gajere ake gina shi. Nawa tarkon fitila ce take mutuwa a kowane kuskure, ɗaki ya riƙa duhu a hankali. Manaja ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Baba, fitila ba ta sa mutum ihu." Mai fenti ya kawo bokitinsa aka ɗaure a rufi. Yanzu duk wanda ya kife ma'auni, ko lokacinsa ya ƙare, majinar dodo ce za ta sauko masa. Ya ma ƙara mata wani turare mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, yana ta yawo da kwalbar yana shinshina wa mutane, suna tofar da yawu suna tafa masa. Jikana har da riƙe ciki. Na dube shi na ce a raina, wannan daga tsatsona ya fito?

Amma abu ɗaya nasu ya burge ni. Suna da ƙa'ida: duk wanda ya ƙirƙiro ɗaki, shi zai fara shiga, shi kaɗai, a kulle, sauran suna kallonsa ta kyamara. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, haka suke kiranta. In ya fito, ɗaki ya zauna. In ya kasa, a wargaza ɗakin a ce masa an gode. Manaja ta so ta ɗaga mini ƙafa saboda shekaru, ta ce jikana ya shiga a madadina. Na ce atafau. Na yi musu lacca a kan cewa wanzamin da ba ya son jarfa bai cancanci riƙe aska ba, na ce kada a buɗe mini, kada kowa ya shigo ko na yi kira. Jikana ya ce, "Tsoho, in ka mace a ciki ni zan gaji agogunan." Na ce ya jira tukuna.

Ka fahimce ni, Dogo. In ɗakin nan ya zauna, ma'auni yana son mai, yana son dubawa, mota za ta ci gaba da zuwa. In ya faɗi, na koma sauraren agoguna. Ka sa ni a addu'a, ko da yake ban ga inda zai ba ni kunya ba.

Ka gaida mutanen gida kaf.

Naka,
Malam Agogo

*

Dogo,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kana samun sauƙi. Na yi wanka har fatata ta yi zafi amma ina jin warin nan a cikin hancina.

An yi gwajin. Na saka farar rigata ta zuwa taro, ka ji wautar tsufa. Suka kulle ni, suka haye sama gaban allon kallo da soye-soyensu. Muryar matsafin, wadda mai fenti ne ya maƙe murya ya ɗauka, ta fara yi mini barazana ta lasifika. Ban kula ta ba. Na jera tuluna, raƙumi nan, jaki can, ban ko ɗaga kai na dubi bango ba. Na taka zuwa ga mariƙi na danne. Sanda ta yi lilo kaɗan ta tsaya cak. Daga can ɗaya ƙarshen ɗakin na ji sakata ta janye, ƙaras. Wallahi wannan ƙarar ta fi mini kiɗa daɗi.

Na saki mariƙi na nufi ƙofa. Ban ɗaga ƙafa ba na ji ƙaras, sakata ta koma.

Na dawo na danne, ta buɗe. Na saki, ta rufe. Na gwada da sauri, irin saurin da gwiwata ta yarda da shi, sandar da nake dogarawa ta zame na dafe bango. Na nemi abin da zan ɗora a kan mariƙin, babu. Tuluna duk ma'auni yana bukatarsu. Shi kansa mariƙin ni na sa aka yi shi sumul, mai gangara, don kada wani mai wayo ya ɗaure shi ko ya rataya masa jaka. Na toshe kowace kafa ta maguɗi, ashe kaina nake toshewa.

A nan na gane. Ɗakin nan sai mutum biyu: ɗaya ya danne, ɗaya ya tura ƙofa. Za ka ce ta yaya wanda ya gina shi bai sani ba. A kan ƙaramin da ke gida, ranar farko da na haɗa shi, na miƙa hannu na ɗauki dutsen gugar mai ɗakina na ɗora a kan mariƙin don hannuwana su samu sarari. Tun ranar yake nan, idona ya daina ganinsa. Haka ita ma ta yi mini duk tsawon zamanmu. Ko wane aiki na kawo gida, tana gefena na hagu, ta riƙe fitila, ta danne bakin katako, ta tallabe bayan agogo. Ban taɓa zana hannunta a takarda ba, don ban taɓa rasa shi ba. Ni da na sha rubuta wa ɗalibai a allo cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da ya biyo baya shi ne ba na son tunawa. Ina tsaye, hannuna a kan mariƙi, ina jin ƙofa a buɗe ba halin isa gare ta. Ban san lokacin da na juya hagu na ce, "Riƙe mini nan," ba. Da irin muryar da nake faɗa mata, ba tsawa, ba roƙo. Har na ɗan jira.

Ta rufi na ji dariyarsu ta fashe, har da buga ƙafa.

Da na ɗaga kai na ce wa kyamara ɗakin na mutum biyu ne, wataƙila da sun buɗe. Bakina ya ƙi. Na zauna a gefen farantin ma'auni ina jira. Lokaci ya cika, bokiti ya kife. Abin yana da sanyi, Dogo, yana da nauyi, yana tafiya a hankali kamar ya san inda za shi. Ya bi hulata, ya rufe tabarau, ya shiga wuyan riga, ya gangara har cikin takalmi. Na ɗanɗana shi a leɓena. Na tuna cokalin nan, na amayar da abin da na karya da shi a kan farar rigata.

Da suka buɗe ƙofa, kafin tawul ya iso ni wayoyi sun iso. Jikana ne ya kawo tawul ɗin, hawayen dariya bai bushe a fuskarsa ba. Ya goge mini fuska da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da waya. A mota direba ya shimfiɗa mini leda, ya sauke gilasai duka.

Rigar na jefar. Ɗakin kuma, bisa ƙa'idar da na yi wa lacca, ya faɗi.

Kada ka bari 'yarka ta karanta wa yara wannan.

Naka,
Malam Agogo

*

Zuwa ga aminina Dogo,

Assalamu alaikum. Na samu amsarka, na karanta ta a tsaye na sake karantawa a zaune. Ba ka yi dariya ba wannan karon, na lura, na kuma gode. Yaya ƙarfin jiki? Na ji an ce ka shiga mota har asibiti ka dawo ba ka galabaita ba. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Na ɗauka an gama da ni, sai ga ƙwanƙwasa ƙofa. Direba ne. Ba zan yi maka ƙarya ba, zuciyata ta yi tsalle kamar ta ɗan makaranta ranar hutu. A hanya muka tsaya kantin magani, mai kantin da ya san ni tun ina da baƙin gashi ya kasa haɗa ido da ni. Matar da ke bayana a layi ta dubi wayarta, ta dube ni, ta toshe baki. A nan na san an ci kasuwa da ni. Sun saka hoton a waya ya zaga gari, da rubutu a ƙasa wai tsoho yana kiran aljanarsa.

Manaja ta tarbe ni da fara'a har kunne. Ta ce, "Baba, ka zama tauraro." Wai mutane sai tambaya suke ina ɗakin tsoho. Don haka an yafe ƙa'ida, ɗaki zai zauna, ni ma zan zauna, mota kullum in na so. Gyara biyu kawai za a yi. Na farko, za a raba mariƙin da sakata, yadda ko mutum goma suka shiga, ko sun jera tuluna daidai, ƙofa ba za ta buɗe ba. Kowa sai ya sha majina, kyamara ta ɗauka, a ba shi hotonsa ya tafi da shi. Ta ce ba wanda yake tura wa abokansa hoton ya fita lafiya.

Na biyu, ta ce in saurara. Mai fenti ya danna wani abu. Daga lasifikar ɗakin, a cikin duhu, muryata ta fito. Sun ja ta, sun sa mata amsa-kuwwa kamar daga cikin rijiya. Riƙe mini nan. Riƙe mini nan. Ita ce za ta zama muryar fatalwar kurkuku.

Majinar da suka zubo mini ruwa ya wanke ta. Wannan ban san da me ake wanke shi ba.

Na juya wajen jikana. Ya ce, "Haba Tsoho, wasan jika ne fa." Na ce masa wasan jika da kaka na san shi, ni na koya masa, ya ja gemuna ya ɓoye mini sanda ban taɓa cewa uffan ba. Na ce amma wadda nake yi wa magana a ɗakin nan ita ce ta goye shi lokacin da ƙyanda ta kwantar da shi uwarsa tana wajen aiki, kuma ya san haka tun kafin ya danna waya. Ya sunkuyar da kai. Na jira. Wayarsa ta yi ƙara, ya duba. Wannan dubawar ita ta ƙarasa ni.

Na ce a buɗe mini ɗakin. A tsakiyar sandar ma'auni akwai wani ɗan ƙarfe da bai kai ɗan yatsa ba, a kansa duk nauyin yake lilo. Ni na goge shi da hannuna daga ƙarfen da na ajiye tun ina koyarwa. Na zare shi, sanda ta zauna kamar matacciyar jaka. Na fito na nuna wa Manaja a tafin hannuna don kada a ce tsoho ya yi sata. Na ce mata ɗakin da ba a fita ba wasa ba ne, kuma ba da ƙarfena ba. Ta ɗaga kafaɗa ta ce za su sa na lantarki. Na ce su cire muryata. Ta ce za su duba. Na san irin wannan dubawar, mun yi aiki a ƙarƙashin hukuma ni da kai.

Mota ba ta sake zuwa ba. Jikana ma haka. Uwarsa ta kira tana ba da haƙuri a madadinsa, na ce ba ita ta yi ba. Gidan ya koma yadda yake, sai dai yanzu ko koren abu na gani a faranti sai in ture.

Ga dalilin wannan takarda. Ƙaramin ɗakin yana nan a kan tebur. Jiya na ɗauke dutsen gugar daga kan mariƙin, na goge shi na mayar da shi inda take ajiye shi. Tun lokacin ƙofar ba ta buɗu ba, kuma na yi alkawari ba zan sake yi mata maguɗi ba. Ɗakin nan ba shi da aibu, Dogo. Ban taɓa gina abin da ya kai shi ba, kuma har yau ba wanda ya fita daga cikinsa yadda ya kamata.

Tunda ka iya zaman mota har asibiti, za ka iya zamanta har nan. Ka ce wa 'yarka ta kawo ka, akwai gado, na sa an wanke zannuwa. Ba zan gaya maka inda raƙumi yake zama ba, sai ka karanta bango da kanka kamar kowa, in ga ko lissafin da kake kwafa a wurina ya bar maka wani abu. Ni zan tsaya wajen mariƙi kana jerawa, in ka gama sai mu yi musaya, ka koma wajen mariƙi ni in tura ƙofa. Kada ka kawo mini uzurin hannu. Ba ƙarfi yake so ba, nauyin hannu ɗaya ya ishe shi, kuma na hagun ma zai yi.

Ina sauraren ƙofa.

Naka har kullum,
Malam Agogo